Haƙorin Makka na Alhaji Tanimu

Tun da Alhaji Tanimu ya dawo daga aikin hajji da haƙorin Makka, dariya ta zame masa sana'a. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya san yadda ya yi ya ɗage leɓe, don kada wani ya yi kuskuren ce masa Malam. Kullum da safe zai tsaya gaban madubi ya yi ta goge haƙorin nan da hankici har ya riƙa ɗaukar ido, sauran haƙoran kuwa ko oho, wai su ai talakawa ne. Ga shi da ciwon suga, amma in ya haɗa shayi har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Ana nan dasashinsa ya kumbura, da ya sa asuwaki sai jini, bai ko damu ba. Ranar da ya gatsa tsire ya ji na Makkan da kansa ya girgiza, ranar ce ya ce wa matarsa Lantana ta raka shi asibiti.

Likita ya leƙa bakin, ya ja da baya, ya gyara takunkuminsa.

"Alhaji, in suga ya hau, dasashi yana shan wahala, shi kuwa dasashi shi ke riƙe da haƙori. Sai ka rage zaƙi, ka riƙa shan maganinka, buroshi safe da dare. Kuma a wanke maka haƙoran nan duka."

"Duka? Likita, ni fa guda ɗaya na kawo maka. Sauran in za su zube su zube, me suka tsinana min?"

"Ai tushensu ɗaya, Alhaji. In dasashi ya saki, ba ya tambayar wane ne ya je Makka."

Nan Alhaji ya harzuƙa. "Zinare ne fa! Ka taɓa jin zinare ya ruɓe? Shayi kuma, wallahi ba mai raba ni da shi." Sai ya juya wajen matarsa yana neman mai taya shi. "Lantana, gaya masa!"

Lantana, wadda ta yi ta fama da shi kan zaƙi har bakinta ya gaji, ta gyara mayafi.

"Gaskiyarsa ne, likita, ƙyale shi ya sha shayinsa. In haƙorin ya faɗo dai a ba ni, dama na daɗe ina son ɗan kunne."