Famfon Unguwar Gabas Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Malam Isma'ila Jika, shugaban kwamitin ruwa na unguwar gabas a Tabotaki, yana sanar da 'yan uwa na Buza da Allakaye rasuwar famfon unguwa, wanda duk ƙasar Adar ba a taɓa yin ƙarfen da ya samu kulawa irin tasa ba.

Marigayin ya iso garin a bayan mota, shekarar da ta biyo bayan babban fari, kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, da kansa ya sha moɗar farko. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, yana da shekara biyu da wata biyar, hannunsa cikin hannun Malam.

An shaide shi da haƙuri. Bai taɓa tambayar mace 'yar gidan wa ce ba, kuma duk gulmar da aka yi a gabansa, iyakar amsarsa "ƙii-ƙwal, ƙii-ƙwal". Saboda wannan hali Malam ya tausaya masa, ya sa masa kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kusa da laya. Ana buɗe shi Litinin da Alhamis, tulu biyu kowane gida, domin ko jaki yana da haƙƙin hutu. Sauran kwana biyar, mata sun san hanyar ƙorama.

Ciwon ajalin ya fara da tari. Makanike ya zo daga Buza, ya ce fatar cikinsa ta gaji, a saya masa sabuwa. Malam kuwa jikan masu jan ruwa da wasaki, gugan fata, ne, kuma a gidansu ba a yar da fata don ta gaji, man shanu ake shafa mata. Ya buɗe cikin maras lafiyan da kansa, ya tarar da fatar baƙa wuluk, ba gashi ba tabo, ya gane ta shanun Turai ce. Juma'a uku Malam yana jinyarsa da man da maiɗakinsa Zaliha ta ajiye don miya. Fatar ta kumbura, ta yi laushi, ta koma kamar danƙo. Kalmar ƙarshe ta marigayin ita ce "fuu". Daga baya makaniken ya yi iƙirarin wai fatar roba ce irin ta tayar mota, wai man shanu guba ne gare ta. Malam ya yafe masa, don ba a gardama a kan gawa.

Ya bar kwaɗo ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da tuluna sittin da uku, da kwamiti mai maza bakwai waɗanda ba wanda ya taɓa sa gammo a kansa. Yayarsa, tsohuwar rijiyar unguwa, ta riga shi: Malam ya sa an cike ta da ƙasa ranar da ya iso, don kada a yi wa zamani kishiya.

Za a lulluɓe shi da buhu ranar Asabar bayan azahar, a inda yake tsaye. Zaman makoki kwana uku ne, a ƙofar gidan Malam, kuma kada kowa ya damu, ruwan alwala da na shayi yana wuyan mai gida.

Zaliha tana ba da haƙuri, ba za ta samu zama karɓar gaisuwa ba. Ƙorama tafiyar awa biyu ce, masu ta'aziyya suna da yawa, tulunta kuma ɗaya ne.