Jan Fenti a Bakin Njuwa

"Lafiya lau," in ji Bobboyi, ko babur bai kashe ba. "Kuma ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Zulaihatu, 'yar kawunsa kuma taubashiyarsa, tana shanya a ƙofar gidanta a unguwar Shagari Low Cost. Aikinta zana taswira a kwamfuta a wani ofishin filaye a Jimeta. Shi kuwa mai lambu ne a bakin tafkin Njuwa, kuma da safen nan ya tarar an shafa wa ɗakin da ya shekara biyu yana ginawa jan fenti. Tun daga bakin tafkin yake tafasa.

"A'a, bawan gidanmu, yau babu durƙuso?"

"Riƙe durƙusonki! Ke kika aiko a rushe min ɗaki?"

"Ni ban aiki kowa ba."

"Ƙarya! Masu fentin sun nuna min takarda. Wani zobe ya zagaye tafki, ga sunanki a ƙasa."

"Zoben dai nawa ne. An ce a bar mita hamsin daga bakin ruwa, na gaya wa kwamfuta, ta zagaye tafkin. Duk ginin da ya faɗa ciki, rabon ruwa ne."

"Kwamfuta! Ta taɓa taka Njuwa? Ke da ko kwata sai an kama miki hannu kike tsallakewa? Ni kada ma gaishe ni yake yi!"

"Shi ya sa bara ka wuni a kan mangwaro kana kiran Goggo?"

"Iska na hau sha."

"Da akuya a kafaɗa?"

Bai yi dariya ba. Ya kashe babur ɗin.

"Zulai, bulon nan da hannuna na buga. Mu shida ne a ɗaki ɗaya. Kin sani."

Ta ajiye zanin da ke hannunta, ta shiga ta ɗauko kwamfutar. Ga tafki shuɗi, ga jan zobe, ga ɗakinsa ɗan ɗigo a ciki.

"Sau uku na auna, Bobboyi. So na yi ka fita, ka ƙi. Taku goma sha biyu ka shiga."

"To ki matse zoben, muguwa!"

"In matse maka, gobe Absalom maƙwabcinka ya zo in matse masa. Ranar da ruwa ya taso, wa zan aika ya kwaso yaranka? Kadan da ke gaishe ka?"

Ya ƙura wa ɗigon ido. Ya san inda ruwan bara ya kai a jikin bangon, tun kafin a ɗora rufi.

Ta ɗora yatsa can sama. "Lambunka ba mai taɓawa. Tudun nan na gindin tsamiya ma naka ne, kuma a waje yake. Kwashe bulonka ka hau da su kafin damina. Ranar Asabar maigidana zai kawo mota."

"Ke fa?"

"Ni kujera zan kawo, in zauna a inuwa in duba aikin bawa."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya sa ki makaranta."

"Kawunka ne. Je ka gaya masa."

Dariya ta ƙwace masa duk da haushi. Ya kwance damin alayyafo daga bayan babur, ya cilla mata.

"Ungo, mayya. Wannan a tsakiyar zobenki ya tsiro. In kin isa ki shafa masa fenti."