Ranar da Na Gyara wa Bature Haruffa

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma na riƙe da ƙasa, aka kawo ordinatir ta farko, kwamfuta ke nan, bironmu, wato ofishinmu na Tasawa, don aikin rabon hatsi. Ni aka damƙa wa ita, tunda na taɓa hango irinta ta taga a Maraɗi.

Wata rana da hantsi na aje kwanon fura kusa da kilabiye, allon nan na haruffa. Gwiwar hannuna ta yi aikinta, fura ta bi kowace kafa ta shige.

"A kira mai gyara," in ji Hajiya, sakatariyarmu.

Na ce, "Hajiya, mai gyara na gabanki."

Na ɓamɓare haruffan da cokali, na wanke su tas, na shanya. Wajen maidawa na tuna abin kunya: Bature, duk iliminsa, daga A sai ya sa Z! Na tausaya mishi, na jera su A, B, C, yadda aka koya mana a lakkol.

Da la'asar kapitan mai mulkin garin ya zo ganin na'ura. Ya zauna, ya buga sunansa da yatsa ɗaya. A kaɗai ya fito daidai.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Injiniyanmu, ranka ya daɗe," in ji Hajiya, tana nuno ni har da rusunawa.

Kapitan ya tura ni ƙauyen Cake sauke buhunan gero, wai can babu harafin da zan gyara.

Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ƙwala: "Malam Abacada, rediyona ta lalace, amma don Allah wuce abinka!"