Kunnen Gwamnati da Ruwan Greenbelt

Ku matso ku zauna, yau labarin babban mutum zan ba ku, Injiniya Hayatudeen na garin Germantown, a nan ƙasar waje da muke zaune, wanda muke kira Kunnen Gwamnati.

Tun shekarar da hukuma ta fara tura gargaɗin haɗari ta waya, Injiniya ya gane matsayinsa. Saƙon yakan faɗa wa kowace waya da ke unguwar da abin ya shafa, ta likita da ta direban tasi, amma shi ya tabbata tasa ake nufi. Da ta yi ƙara sai ya miƙe, ya gyara hula, ya bi mu ɗaya ɗaya da kira: "Yanzun nan aka sanar da ni daga sama." Mu kuwa, masu digiri bibbiyu, ga saƙon a tafin hannunmu, ba ma yarda sai mun ji shi da Hausa daga bakin Injiniya.

Ranar walimar babbar sallah muka taru a wani fili a Greenbelt. Hajiya Hasiya, uwar ƙungiyarmu, kwana biyu ta yi tana suyar naman raguna uku. Ana jera tire sai wayoyi suka ɗauki kururuwa gaba ɗaya: ruwa mai ambaliya, a nemi mafaka.

Injiniya bai iso ba, cunkoso ya riƙe shi can nesa a babbar hanya mai lamba 270, inda rana ke ƙwallewa. Hajiya ta kira shi.

"Injiniya, wai mu kwashe kayan?"

Ya dubi wayarsa, babu saƙo. "Hajiya, kwantar da hankalinki. Da akwai wani abu, ni za a fara gaya wa. Wannan na gama-gari ne."

Muka koma muka zauna.

Minti goma ba a yi ba sama ta ɓalle. Waina ta koma kunu, nama ya bi kwalbati, manyan riguna suka manne wa manyan mutane.

Yana shigowa Greenbelt wayarsa ta kama saƙon yankin, ta ƙwala ihu. Ya fito daga mota a bushe tas, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, yanzun nan aka sanar da ni! Ruwa na tafe!"

Hajiya ta matse gyalenta, ta dubi tiren da babu komai a kai. Mu kuma, wallahi, har da masu cewa, "Allah ya saka da alheri, Injiniya."

To ku da kuke dariya, in wayarku ta yi ƙara gobe, wa za ku kira?