Jirgi Mai Huda Biyar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je sayen kwale-kwale ba, ko da yake na so in manta. Shekarar ce gonarmu ta wajen Randagi ta gagara zuwa saboda mutanen daji, na ce bari in koma kamun kifi a dam (ni da ko iyo ban iya ba).

Baba Markus, wani tsohon masunci maƙwabcinmu, ya raka ni gidan wata mata, Maman Asabe, mai jiragen alminiyam biyu na sayarwa. Ɗaya sumul, ɗayan kuwa huda biyar a gefensa, an toshe huɗu da kwalta.

Mai kyan nake so, amma na ce sai na nuna mata na san harka. Na zagaya mai hudar ina taɓe baki.

"Wane sakarai ne ya mai da jirginsa rariya? Da gani bai iya tuƙi ba, duwatsu yake bi."

Baba Markus ya taka min ƙafa. Na ɗauka zuga ni yake (kun ji wauta), sai na zura yatsa a hudar da ba a toshe ba, ina dariya.

"Ba dutse ba ne, Malam," in ji matar, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Harsashi ne. Maigidana yana ciki lokacin. Mai kyan na ɗana ne, wata biyu ke nan yana hannun mutanen daji. Don shi nake sayarwa."

Na ja yatsana, ya ƙi fita. Wallahi ya ƙi. Ina durƙushe ina gumi, ina "Allah ya jiƙansa" a jejjere, har sai da ita da kanta ta kawo man gyaɗa ta shafa min.

Ban iya kallon mai kyan ba. Mai hudar na saya, yadda ta faɗa, ban taya ba. Ɗan nata ya dawo bayan damina, amma har yau ba ya magana sosai.

Tun daga ranar, a garin nan ko tsagewa na gani a rigar mutum, gaisuwa nake yi in wuce.