Dakta Nata'ala Ya Daidaita Idon Hawainiya

Wanda ya zauna a unguwar Faisal bai san Dakta Nata'ala ba, to bai zo Alƙahira ba tukuna. Allah ya yi mana baiwa da shi a hawa na huɗu na benen da muke haya. Shekara goma sha ɗaya yana karatu, don shi ba ya son ilimin gaggawa: aji ɗaya sai ya maimaita shi sau uku don ya zauna da kyau. Daktan kuwa ba jami'a ce ta ba shi ba. Jami'a me ta sani? Shi ya duba cancantarsa ya ba kansa, ranar da ya raka wani alhaji asibitin ido ya riƙe masa jaka.

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya zama mai raka iyalan manyan ofishin jakadanci asibiti, yana tafinta, ana ce masa Dakta a gaban Misirawa. A sanyin 1999 dama ta zo. Oga Habila, babba a ofishin, zai je gida Kirsimeti ya taho da mahaifiyarsa a yi mata aikin ido, ya kuma ce Nata'ala ne zai riƙe ta. In wannan ya yi kyau, sauran manya za su biyo layi.

To matar Oga, Madam Marta, tana da hawainiya a keji, tana ji da ita kamar 'yar fari. Mahasin, maƙwabciyarmu 'yar Sudan mai yi musu aikin gida, ita aka shirya bar wa har su dawo daga tafiyar. Dakta ya ce ina!

"Ranka ya daɗe, amana irin wannan sai masana."

Ya rungumo keji daga gidan Oga a Mohandessin a ƙaramar bas, yana yi wa fasinjoji lacca ba wanda ya tambaye shi. Mahasin ta biyo shi har ƙofa da robar feshi.

"Ya Ustaz, ba ta shan ruwa a kwano fa. A ganye ake fesa mata ta lasa. Kuma a riƙa fitar da ita rana."

"Mahasin, ke da tsintsiya, ni da ilimi. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Ya zuba wa baƙuwa ruwa a kofin shayin manyan baƙi, ya rufe taga ruf kada ta yi mura.

Kwana biyu kacal ya gano cutar da ta gagari kowa. Ido ɗaya na kallon rufi, ɗaya na kallon ƙofa! Ya tara mu a bakin bene.

"Jama'a, wannan mu a fannin likitanci hawal muke ce masa, ku kuwa harara-garke. Shekara uku tana hannun manya ba wanda ya lura. Kafin Oga ya dawo zan daidaita su kamar sahun salla."

Habu na hawa na biyu ya ce ai duk hawainiyar ƙauyensu haka take.

"Ka ga yadda annobar ta yaɗu ke nan," in ji Dakta.

Ya je unguwar Darrasa ya sayo kwalli, zuma da man habbatussauda. Safe da yamma yana danne baiwar Allah yana zizara mata. Ta yi baƙi ƙirin, ya ce magani ya ratsa jini. Ta daina cin ƙwari, ya ce azumin jinya ne. A rana ta tara idanu suka kumbura suka rufe gam.

"Alhamdu lillahi, yanzu ba wanda ke karkacewa."

Gaskiyarsa. Duka biyun abu ɗaya suke gani, wato babu. Garin gyaran gira an rasa ido, amma wa zai gaya wa masani?

Ranar da su Oga suka zo ɗaukar amana, Dakta ya sha jabba da rawani, ya lulluɓe keji da mayafi kamar za a buɗe sabon masallaci.

"Ranka ya daɗe, na yi maka aikin da ba ka sa ni ba, kuma ban ce a gode mini ba. Ga ta!"

Ya yaye. Madam ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Mahasin ta yi wuf ta matso. Ta fizge kejin ta kai baranda, ta wanke idon da ruwa, ta fesa wa ganye. Hawainiya ta shiga lasa kamar wadda ta ƙetaro sahara da ƙafa.

"Kun gani? Sha'awar abinci ta dawo," in ji Dakta. "To Oga, yalla, mu hanzarta, yaushe za mu fara da Mama? Har na ajiye mata ragowar kwallin."

Oga Habila ya juyo gare shi.

"Dakta, wannan dabbar ido biyu ta zo maka da su lafiya lau, ka rufe su a kwana tara. Uwata ɗaya ya rage mata."

Ya ɗauki keji ya sauka, Madam na biye tana share hawaye.

Dakta ya gyara rawani, ya juyo gare mu, ya ce Oga ya tafi ya yi tunani ne. Yau shekara shida ke nan. Oga dai akwai zurfin tunani.