Gwanin da Ya Canza Hannu

Rannan babu ƙwallon ƙafa, sai mai shayi na bakin tashar Konni ya sa mana tanis a ƙaramar tele ɗinsa. Na taɓa kallon wasan a Yamai, don haka na gyara zama na zama malamin rumfa.

'Yan wasan biyu duk farin kaya suka sa. Na zaɓi na saman tele, wanda yana buga ƙwallo sai ya rugo gaban raga. Na juyo ina yi wa 'yan kabu-kabu bayani cewa wannan ita ce dabarar jarumi, ba ya ba abokin karawa damar numfashi. Suna ta gyaɗa kai.

Da na waiwaya, sai ga gwanina ya koma can baya, kuma da hagu yake bugu! Abin ya ɗaure mini kai, amma bakina bai jira ba.

"Kun gani? Ya gajiyar da dama, ya koma hagu. Wannan sirrin manya ne."

Illo, abokina direban motar siminti ta Malbaza, ya ajiye kofinsa.

"Malam, canza waje sunka yi kana cikin wa'azi. Naka ga shi nan ƙasa."

Har mai shayi sai da ya zauna don dariya.

Yanzu ko gaisawa na zo yi, sai Illo ya ɓoye hannunsa ya ce, "Tsaya, Malam. Yau da wanne muke bugu?"